Fara, Doguwa, Mai Gashi: Daga Ina Budurwar Littafin Hausa Ta Samo Kamanninta?

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na soyayya ya san wannan yarinya tun kafin a faɗi sunanta. Fara ce sol, doguwa, mai dogon hanci da dara-daran idanu, gashinta ya sauko har gadon baya. Sannan marubuci zai yi hanzarin tabbatar mana cewa ba ta shafa komai ba, haka Allah ya yi ta. Da saurayi ya yi ido biyu da ita, shi ke nan, labari ya tashi. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, mu masu riƙe da alƙalami, ita ce: yaushe wannan yarinya ta shigo adabinmu, kuma wa ya kawo ta?

Idan muka waiwaya baya za mu ga ba da ita aka fara ba. A tatsuniya kalma ɗaya ta ishi mai ba da labari. Za a ce an yi wata yarinya kyakkyawa, son kowa ƙin wanda ya rasa, sai a wuce. Kowane yaro da ke zaune a gaban kaka shi zai zana ta a ransa, kuma galibi da kamannin wata 'yar unguwarsu zai zana ta. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 ma ba su tsaya ƙirga gaɓoɓin mace ba. Ruwan Bagaja da Ganɗoki yawon duniya da jarunta suka sa a gaba. Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, shi ne ya taɓo soyayya, amma abin da ya raba Abubakar da Zainab dukiyar Malam Shehu ce da kwaɗayinsa na samun haihuwa. Kyan Zainab bai ɗauki nauyin labarin ba.

Canji ya soma bayyana ne bayan gasar kamfanin NNPC, wadda ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. A nan ne soyayyar saurayi da budurwa ta zama ginshiƙin littafi gaba ɗaya. Boɗaɗo ta So Aljannar Duniya Bafulatana ce, kuma Fulatancinta yana da aiki a labarin, domin rigimar duk a kan auren wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne. Abin da ya faru daga baya shi ne, marubuta da yawa sun ɗauki siffar Bafulatana sun bar Fulatancin. Sai ka ga yarinyar da aka haifa a Fagge ko Gwammaja an ba ta dogon hanci da gashi, a ce wai kakarta ta wajen uwa daga ruga ta fito, daga nan ba za a sake jin labarin rugar ba har littafi ya ƙare.

Akwai wasu koguna biyu da suka kwararo cikin wannan tafki. Na farko labaran Larabawa, irin na Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda suka daɗe a hannun Hausawa, inda ake kwatanta fuskar mace da wata daren goma sha huɗu. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne finafinan Indiya. Tun wajen shekarun 1960 silimun Kano da Kaduna da Jos suke nuna su, daga baya talabijin da bidiyo suka shigar da su har cikin ɗakunan matan aure. Matasan da suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, da waɗannan finafinai suka tashi. Ba laifinsu ba ne don sun rubuta abin da idonsu ya sha gani. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: gashin nan mai sauka gadon baya, daga allon silima ya sauko.

Me ya sa kuma ake nacewa a kan cewa kyan nata na halitta ne? A ganina dalilin na tarbiyya ne. Marubucin wancan lokaci yana shan suka daga malamai da iyaye cewa yana lalata yara, har aka laƙaba wa aikinsa sunan adabin kasuwar Kano. Saboda haka dole tauraruwarsa ta zama mai kunya da kamun kai. Sai aka raba mata gida biyu: ta kirki kyanta daga Allah ne, iyakarta kwalli da lalle, kishiya ko 'yar bariki kuwa ita ce mai jan baki da hoda da man bilicin. Ta haka fuska ta zama shaidar hali. Mai karatu na ganin siffa ya san wadda za ta yi nasara a shafi na ƙarshe, wanda hakan kansa ya rage wa labarai da yawa armashi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan kyau da ake kira na halitta, halittar mutane ƙalilan ce. Yawancin 'yan matan da ke karɓar hayar littattafan nan baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa. Bahaushe kuwa yana da kalmominsa na yabon kyau tun kafin silima: wushirya, da fararen haƙora, da dogon wuya, da kumatu masu lotsawa in an yi murmushi, da baƙin da ke sheƙi. Kaɗan ne daga cikinsu suka samu shiga littafi. Ba zan ce littattafanmu ne suka jawo shafe-shafen man canza launin fata ba, wanda hukumar NAFDAC ta bayyana a 2023 a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a. Abin ya fi ƙarfin littafi. Sai dai yarinyar da ta karanta labari hamsin ba ta ga mai kama da ita an so ta ba, ta koyi wani abu ko da marubucin bai yi niyyar koya mata ba.

Ko a wancan zamani akwai waɗanda suka bi wata hanya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, abin da ya sa aka guji Abu rashin ilimi ne, kuma abin da ya ɗaga darajarta daga baya karatu ne da aikin jinya. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, abin da mutane suka riƙe game da Sumayya har yau shi ne taurin zuciyarta a kan Muhammad, har ta faɗa rijiya don gudun auren dole. Ka tambayi wanda ya karanta littafin shekaru talatin da suka wuce yadda hancinta yake, da wuya ya tuna, amma rijiyar tana nan a ransa.

Yanzu labaran sun koma cikin waya, ana karanta su a WhatsApp da Wattpad. Motoci sun canza, gidajen sun koma Abuja da Dubai, tauraruwa ta zama likita ko lauya. Na buɗe wani sabo kwanan baya, a shafi na biyu sai ga ta ta fito daga wanka, fara sol, tana taje gashin nan nata.