Tarihin Haƙar Kuza a Tsaunukan Jos

Kuza ma'adini ne baƙi mai nauyi, wanda ake narkawa a sami farar dalmar da ake shafe gwangwani da ita don kada ya yi tsatsa, ake kuma liƙe wayoyin lantarki da ita. A ƙasar Jos ba a cikin dutse aka fi samunsa ba, sai a kwarin tsofaffin rafuka, inda ruwan sama ya wanko shi daga duwatsu tun zamani mai nisa, ya jibge, ƙasa ta binne. Dalilin tattara wannan tarihi kuwa shi ne, galibin abin da aka rubuta a kansa daga littattafan kamfanoni da rahotannin gwamnatin Turawa ya fito, su kuwa, ko da yake sun kiyaye lissafin tan da fam da matuƙar kulawa, sun taƙaita magana ƙwarai a kan masu narkewar farko, da leburori, da manoman da aka haƙe gonakinsu.

Kafin zuwan Turawa

Tun kafin Bature ya san hanyar tsaunukan Jos, akwai masu sana'ar wanke kuza da narka shi a Ririwai ta kudancin ƙasar Kano, daga baya kuma a Ririwan Dalma ta ƙasar Bauchi. Sukan wanke yashin rafi a ƙwarya har baƙin ya kwanta a gindi, su narka shi da gawayi a matoyar yumɓu da zugazugi, sa'an nan su tsiyaya ruwan dalmar cikin siraran ramukan da suka huda da tsinken ciyawa. In ya huce, sai a zaro shi tsinke-tsinke, a ɗaure ɗauri-ɗauri, fatake su kai wa maƙeran farfaru a Kano da ƙasar Nupe. Matafiyin nan Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ambaci dalmar ƙasar cikin hajar da ya gani a kasuwa, wannan kuwa hujja ce isasshiya cewa sana'ar ta riga kamfanoni da aƙalla shekara tamanin.

Saɓanin ruwayoyi a kan mafari

Marubuta sun saɓa a kan shekarar da za a ɗauka mafarin haƙar zamani. Waɗansu suna farawa da William Wallace na Kamfanin Neja, wanda ya ga tsinkayen dalma a kasuwannin Binuwai a tsakiyar shekarun 1880, ya shiga binciken inda suke fitowa. Waɗansu suna riƙe da 1902, shekarar da kamfanin ya aiko injiniya George Nicolaus ya iso wajen Tilden Fulani. Waɗansu kuma suna jingina al'amarin ga Henry Laws, wanda ya hau tsaunukan tsakanin 1903 da 1904 da rakiyar soja, ya kafa sansani a Naraguta. Magana mafi rinjaye ita ce ta ƙarshe, domin daga kan Laws ne aiki ya ɗore bai yanke ba. Sai dai ba daidai ba ne a ce wani daga cikinsu ya gano kuza, alhali sawun fatake da masu narkewa suka bi har suka isa. Sakayyar da waɗannan suka samu kuwa ita ce, dokar ma'adinai ta mayar da abin da ke ƙarƙashin ƙasa hannun gwamnati, aka raba filayensu ga kamfanoni, matoyarsu ta mutu a hankali.

Zamanin kamfanoni

A lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja ran 1 ga Janairu 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa karɓar rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99, sai a wajen 1950 aka fanshi wannan haƙƙi daga magajinsa, UAC, da fam miliyan ɗaya. Daga 1909 kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da zancen kuzan Nijeriya, kamfanoni suka yi ta tsirowa, nagari da na bogi. Babbar matsalarsu ta farko ita ce sufuri, domin a ka 'yan dako suke ɗaukar buhunan kuza, tafiyar kimanin mil 200 zuwa Loko a bakin Binuwai, kafin a sa su a jirgin ruwa. Wannan ne ya sa aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso Jos da Bukuru a 1914, sa'an nan babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta biyo Kafanchan ta iso a 1927. Ta fuskar wuta kuma, an kafa kamfanin NESCO a 1929, ya riƙa samar da lantarki daga gangarar ruwan Kurra, wanda da shi aka tafiyar da famfunan zuƙo tsakuwa da manyan injunan yashe ƙasa.

Duk da injunan, da diga da shebur da kwanon sarki aka fitar da mafi yawan kuza. Lebura yakan cika kwano a gindin rami, ya ɗora a ka, ya hau gangare cikin layi, ya juye a kwararon wanki, ya komo, helima yana tsaye yana ƙirga. Harajin da aka wajabta biyansa da tsabar kuɗi shi ya riƙa koro mutane daga Kano, da Katsina, da Zazzau, da Barno, har da ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Faransa, suna zuwa cin rani. Waɗansu suka zauna, aka sami barikoki irin su Barikin Ladi, da Dorowa, da Bisichi, da Gindin Akwati. Da tattalin arzikin duniya ya karye, aka ƙayyade wa ƙasashe adadin da za su fitar tun daga 1931, aka sallami dubban leburori, ƙananan kamfanoni suka durƙushe, manya suka haɗiye su, har aka kafa kamfanin ATMN a ƙarshen shekarun 1930, wanda ya zama jagaban sauran.

Diban gwamna

Babu wani babi a wannan tarihi da ya fi cancantar a tsaya a kansa irin na shekarun 1942 zuwa 1944. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar da take dogaro da ita, sai ta juyo ga Jos, gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, wadda talakawa suka kira diban gwamna. Aka yanka wa larduna adadi, Razdan ya ɗora wa sarki, sarki ya ɗora wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci, shi kuwa dagaci ya ɗebo wanda ba shi da mai tsaya masa; a haka aka kwashi mutum kimanin 100,000, rukuni bayan rukuni, kowanne na 'yan watanni. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar rairayi aka kai su tudun da ya haura mita 1,200, ga sanyi, ga ruwan sama, ga bukkoki masu yoyo, ga ƙarancin hatsi, sai ciwon haƙarƙari da atuni suka shiga cikinsu. Wurin ginin madatsar Tenti ya yi ƙaurin suna wajen yawan mace-mace, masu gudu kuwa ba su ƙirguwa. A 1943 aka kai ƙololuwa, aka fitar da fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Amma masanin tarihi Bill Freund, a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a mahaƙun, ya nuna cewa ƙarin da aka samu bai taka kara ya karya ba in an gwada da yawan mutanen da aka tara. Zalunci ne da bai ma biya buƙatar masu yinsa ba.

Bayan yaƙi

A farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga sayen kolumbayit da tsada, ma'adinin da a da ake zubarwa tare da shara, aka koma ana tone tsofaffin juji, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narkewa ta Makeri a Jos, aka daina kai ɗanyen kuza Ingila. Daga nan sai koma baya: kuzan sama-sama ya ƙare, saura yana can ƙarƙashin baƙin dutse mai tsadar fasawa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ba ta zo da sabon jari ba, rushewar kasuwar kuza ta duniya a Oktoban 1985 kuwa ta ƙarasa abin da ya rage.

Abin da aka bar wa ƙasa

An kiyasta filin da haƙa ta lalata da murabba'in kilomita fiye da 300, da kududdufai sama da 1,000, masu zurfi da gaɓa a tsaye, waɗanda suke cin mutane da dabbobi, ko da yake manoman rani suna ban ruwan kabeji da dankali da su. Yashin da aka tace yana ɗauke da ma'adinai masu tururin da ke cutar da jiki, mutane kuwa sun yi gini da shi cikin rashin sani. Manoman Birom, musamman na Gyel, sun yi ta ƙorafi tun shekarun 1940 a kan gonakinsu da ƙanƙantar diyya, dokar 1946 ta shar'anta gyaran fili bayan haƙa, aka dasa itatuwan turare a waɗansu wurare, amma abin da aka gyara kaɗan ne ƙwarai. A yau masu haƙar loto ne suke zira rijiyoyi a tsofaffin filayen, suna bin jijiya a ƙarƙashin ƙasa ba tokari, rami yana ruftawa da su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sake wajabta gyara a kan mai lasisi, sai dai kamfanonin da suka yi ɓarnar sun daɗe da watsewa, nauyin gyaran kuwa ya koma wuyan gwamnatin da ta gaji ikon ma'adinan, ta kuma ci kuɗinsu.