Kalmar Razdan: Asalinta da Tarihin Amfani da Ita

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi akwai waɗanda suka shuɗe tare da muƙamin da ya kawo su. In aka tambayi matashi a unguwar Gwallaga ta birnin Bauchi ko wane ne Razdan, da wuya ya amsa, alhali kuwa kakanninsa sun shekara 60 ƙarƙashin ikonsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar domin nuna cewa ma'anar da Bahaushe ya ba ta ta fi ta asali dacewa da aikin mai muƙamin.

2.0 Asalin Kalmar

Razdan ta samu ne daga "Resident", wadda tushenta "residere" ne na Latin, wato zama a wuri. A ƙarni na 17, Turawa kan kira wakilin da ke zaune a fadar wani sarki, wanda bai kai jakada daraja ba, da wannan suna. Ma'anar ta fara sauyawa a Indiya, inda wakilan kamfanin cinikin Ingila suka riƙa juya sarakunan da suke baƙunta. A Malaya kuwa, yarjejeniyar Pangkor ta 1874 ta wajabta wa Sarkin Perak bin shawarar wakilin a kan komai, ban da addini da al'ada.

3.0 Shigowarta Hausa

Da wannan ma'ana ce Gwamna Lugga, wanda ya yi soja a Indiya, ya kawo muƙamin Arewa a 1900. A Fabrairun 1902 Turawa suka ci Bauchi, suka tuɓe Sarki Umaru, aka kuma naɗa C. L. Temple Razdan.

Ta fuskar furuci, Hausa ta shafe /t/ na ƙarshe saboda ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen gaɓa ba, ta jefar da wasalin tsakiya, sannan ta mayar da /e/ zuwa /a/. Ta fuskar ma'ana, Bahaushe bai fassara ta da "mazauni" ko "mashawarci" ba. A wurinsa Razdan shi ne mai Lardi, wanda shawararsa umarni ce.

4.0 Kammalawa

A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta maye gurbin Razdan da Kwamishinan Lardi da Sakataren Lardi, kalmar ta koma cikin littattafan tarihi. Ke nan, Ingilishi ya sakaya iko cikin lafazi mai laushi, Hausa kuwa ta ari lafazin, ta kuma bayyana abin da aka sakaya.