Mushtari: Duniyar da ba ta da damina

A wasu watanni na shekara, idan sararin sama ya washe da daddare, mazauna Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu kan hangi wani tauraro mai tsananin haske wanda ba ya ƙyaftawa.

Sau da yawa wannan ita ce duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupiter, babba a cikin duniyoyi takwas da ke kewaya rana.

Mushtari ba ta da doron ƙasa da za a taka. Dunƙulen iska ce, mafi yawanta haidirojin da hiliyam.

Sauyin lokuta

Manomin Jigawa ya san shekara da damina da kaka da hunturu da bazara. Asalin wannan sauyi shi ne karkatar da duniyarmu ta yi da kusan digiri 23 da rabi.

Wannan karkata ce ke sa rana ta matso arewa, iska mai laima ta biyo ta daga tekun Atlantika, a samu ruwan shuka daga wajen Yuni zuwa Satumba. Idan rana ta koma kudu, sai iskar Sahara ta kawo hazo da sanyi.

Ita kuwa Mushtari digiri 3 kacal ta karkata. Saboda haka kusan babu sauyin lokuta a cikinta, duk da cewa shekararta ɗaya ta kai shekarunmu kusan 12.

Maƙwabciyarta Zuhal, wato Saturn, ta karkata da kusan digiri 27, kuma kowane lokaci a can yakan haura shekara 7.

Guguwa

Rashin damina bai sa sararin Mushtari ya natsu ba. Cikin sa'o'i 10 take juyawa sau ɗaya, kuma zafin da ke fitowa daga cikinta ya fi wanda take samu daga rana. Waɗannan biyu ne ke rura guguwarta.

Mafi shahara ita ce wani jan tabo da ya fi duniyarmu faɗi, wanda masana ke bibiya tun ƙarni na 19.

A saman gajimarenta sanyi ya wuce maki 100 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, alhali zafin bazara a Dutse kan haura maki 40.

Ko akwai rai?

A 1976 masana biyu a Amurka, Carl Sagan da Edwin Salpeter, sun yi hasashen cewa wasu halittu za su iya shawagi a gajimarenta. Ba a ga alamarsu ba.

Babban cikas shi ne iska na iya jan komai zuwa can ciki, inda zafi da matsi ke hallaka shi. Na'urar da kumbon Galileo ya jefa ciki a Disambar 1995 ta daina aiko da saƙo kafin cikar sa'a guda.

Shi ya sa hankali ya koma kan watanninta, musamman Europa, wanda ake kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa.

A Oktoban 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon Europa Clipper, wanda aka tsara zai isa can a 2030, domin duba ko wannan teku zai iya ɗaukar rai.