Girbaud: wandon jin da ƴan rap suka ɗaga, yayi ya kayar

Duk wanda ya yi samartaka wajajen shekarar 2000 a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san zamanin buhun wando, lokacin da waƙoƙin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya suka cika rediyo. Wannan yayi daga Amurka ya taso, kuma cikin sunayen da suka kafa shi akwai na wasu Faransawa biyu: Marithé Bachellerie da François Girbaud.

Tun wajajen 1960 zuwa 1970 suke aikin jin. A lokacin wandon tauri ne da shi kamar kirgi, sai an daɗe ana sawa kafin ya yi laushi. Su biyun suna cikin na farko da suka riƙa wanke shi cikin manyan injina tare da duwatsu, ya fito da laushi, ya koɗe kamar an shekara ana sa shi. Suka kuma buɗa ɗinkin, suka manna ɗan farin ƙyalle mai sunansu a kan zip. Daga nesa ma an san abin da ka saka.

A 1992 wasu yara biyu na Atlanta, Kris Kross, suka fitar da waƙar Jump, suna sanye da tufafi gaba a baya. Girbaud na cikin wandunan da aka san su da su. Daga nan abin ya zama ruwan dare a unguwannin baƙar fata. A New Orleans kuwa tamkar inifom ya koma: wandon Girbaud, farar riga, takalmin Reebok. Haka su Juvenile da Lil Wayne suka fito duniya ta gan su.

To me ya kawo faɗuwar? Na farko, mawaƙan sun farga cewa talla suke yi wa wani kyauta. Russell Simmons ya buɗe Phat Farm a 1992, Sean Combs ya kafa Sean John a 1998, Jay-Z ya biyo da Rocawear a 1999. Masu saye suka bi gwanayensu. Na biyu, shi kansa François Girbaud ya nuna a hira da ƴan jarida cewa bai ji daɗin yadda aka jingina sunansa da rap kaɗai ba, alhali ƴan rap ɗin ne suka cika masa aljihu. Na uku, kafin 2010 yayi ya juya zuwa matsattsen wando, ga kuma Zara da H&M suna zubo kaya da araha.

A 2012 bashi ya kai kamfanin gaban kotun kasuwanci a Faransa, a 2013 aka rushe shi. Girbaud da kansa ya dawo yana sukar wankin dutse saboda ruwan da yake ci da wanda yake gurɓatawa, ya koma koɗar da jin da hasken leza.

Sunan dai bai mutu ba. Yau a Koriya ta Kudu yake tashe, wajen matasan da aka haifa bayan waƙar Jump, akasari a kan riguna da huluna. Mu kuwa nan, idan an kwance dilar gwanjo kuka ga wando mai farin ƙyalle a zip, ku ɗaga shi ku duba da kyau kafin ku taya.