Adakar Baba: Kwamfuta, Lasisi da Wasiƙa a Masana'antun Kano

A ƙarƙashin gadon mahaifina akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe da ba a barinmu mu taɓa muna yara. Sai da na shiga shekarar ƙarshe a sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ina neman abin da zan rubuta kundin kammala digiri a kansa, ya jawo ta da hannunsa ya buɗe mini. A ciki na tarar da damin takardun teleks da suka yi jaja-jaja, da wasu na faks waɗanda rubutunsu ya gudu ya bar farar takarda, da fayafayen fulofi guda goma sha ɗaya ɗaure da kyauro, da wani faifan CD da aka rubuta wa suna da alƙalamin maka. Ya ce mini wannan ita ce shekara ashirin da huɗu da ya yi yana akawu a wata majemar fata a Challawa. Ban yi kundin a kan adakar ba, domin a lokacin ban san yadda ake karanta ta ba. Wannan maƙala yunƙuri ne na biyan wancan bashi.

Masana'antun Kano ba rana ɗaya suka tsiro ba. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, gyaɗa da fata da auduga suka bi dogo zuwa teku, kuɗi kuma suka biyo dogo suka dawo. Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa aka yanka ta a gabashin gari kusa da layin dogo. Sharaɗa da Challawa 'ya'yan zamanin arzikin man fetur ne, na shekarun 1970 zuwa sama, lokacin da dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran Kano cikin hannun jarin da a da na Turawa da Kwarori da Indiyawa ne kaɗai. Masaƙu, majemu, kamfanonin robobi, na alewa, na man gyaɗa, na turare: da asuba titin Sharaɗa kan cika da kekuna kamar ranar kasuwa. Masana sun yi rubutu mai yawa kan tashin waɗannan wurare da faɗuwarsu. Abin da ban ga an kula da shi ba shi ne ɗan ofishin da ke gefen ƙofar shiga, inda ake lissafi da aika wasiƙa, wanda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, amma in ya tsaya injinan ciki ma sai sun tsaya.

Baba ya kama aiki a 1987. Kayan aikin ofishin a wancan lokaci tafireta ce, da takardar kabon, da manyan kundayen lissafi masu jan bango, sai injin teleks guda ɗaya. Majemar fata ba don kasuwar Kurmi take aiki ba. Masu sayen fatar akuyar nan ja ta Sakkwato suna Italiya da Sifen, kuma ta teleks odarsu ke zuwa. 'Yan kasuwa sun amince da teleks saboda kowane inji yana da lambar shaida da yake bugawa a kan saƙon, wanda ya aika ba zai ce bai aika ba. Wayar tarho kuwa abar alfarma ce. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa shekarar 2000 layukan girke da ke aiki a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari.

Kwamfuta ta shigo ofishinsu wajen 1994. An ware mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyaya iska wadda akawuna ba su taɓa samu ba, aka ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu. Ba a shiga ɗakin da takalmi. Tsofaffin ma'aikata biyar da na zanta da su, a Sharaɗa da Panshekara da Dakata, duk sun tuna da wannan cire takalmi, kuma duk da dariya suka ba ni labarinsa. Ra'ayinsu a kan na'urar ne ya bambanta. Wani tsohon mai kula da sito ya ce shi bai taɓa yarda da ita ba, domin lissafin da ba a ganin rubutun hannun mai shi lissafi ne marar uba. A kundi, in an goge lamba ana ganin gurbin gugar, a kwamfuta kuwa ƙarya da gaskiya kamarsu ɗaya. Wani kuma ya ce ita ce ta fara raba ma'aikaci da cutar ƙarshen wata, tun da ba ta san ɗan'uwan kowa ba. Na lura cewa masu buga tafireta su ne suka fi tsanar ta, kuma suna da hujja: cikin 'yan shekaru kujerunsu suka ragu.

Tambayar da na fi sha'awa ita ce wadda ta fi ba su mamaki. Na tambaye su daga ina manhajojin da ke cikin na'urar suka fito, wa ya biya kuɗinsu. Yawancinsu sai suka dube ni kamar na tambayi wa ya biya kuɗin iskar da ke cikin tayar keke. A fahimtarsu, an sayi kwamfuta, injiniya ya zo da fayafayensa a jaka ya zuba mata WordPerfect da Lotus 1-2-3, daga baya Windows da Excel, an ba shi ladan aikinsa, magana ta ƙare. Cewa mutum zai sayi abu da kuɗinsa a ce masa bai mallake shi ba, izinin amfani kawai aka ba shi, kuma izinin na inji ɗaya ne, wannan baƙon ciniki ne a garin da ya shekara ɗaruruwa yana ciniki. A Kantin Kwari wanda ya sayi turmin atamfa ya ga dama ya ɗinka, ya ga dama ya kyautar, ya ga dama ya yayyanka ya sayar.

Doka dai tana nan tun kafin kwamfutar ta iso Challawa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Dokar Haƙƙin Mallaka mai lamba 47 a watan Disambar 1988, wadda ta sa manhajar kwamfuta a sahun ayyukan adabi da ake karewa, ta kuma kafa majalisar da daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. A cikin wannan wata dai, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Sai dai gwamnatin da ta yi dokar ita ce ta kawo shirin SAP a 1986. Kafin shirin, Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya. Shekara goma bayansa Dala na neman Naira tamanin a kasuwa. Manhajar da ake sa wa farashi da Dala a Amurka ta zama abin da albashin akawu na watanni ba zai saya ba, alhali kwafinta na nan a titin Beirut da kasuwar Sabon Gari a kuɗin kwanon abinci.

Baba mutum ne mai tsantseni, wanda ba ya komawa gida da alƙalamin ofis. Da na matsa masa a kan wannan, ya yi shiru, sannan ya ce an taɓa tayar da maganar a masallacin kamfani bayan sallar azahar. Wasu suka kafa hujja da al'adar malamanmu: tun zamanin Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da hannu ake kwafar littafi, ɗalibi ya ara ya kwafa ya mayar, ba a taɓa kiransa ɓarawo ba, ɓoye ilimi ne ma abin zargi. Wasu suka ce wannan ƙiyasi bai yi ba, domin malamin da ya wallafa littafi lada yake nema, mai manhaja kuwa sana'arsa ke nan, kuma ya gindaya sharaɗi, Musulmi kuma ba ya saɓa sharaɗi. Ba a rabu a kan matsaya ba, aka koma aiki a kan injinan da ake gardama a kansu. Ni a ganina ɓangare na biyu ya fi ƙarfin hujja, kuma Kano ta ɗanɗana hakan a jikinta lokacin da masu kwafar kaset da faifai suka durƙusar da 'yan fim ɗin Hausa da yawa. Amma ba na iya ɗora wa akawun da ba shi ke sayen kayan ofis ba laifin da masu kamfani ne suka ci ribarsa.

Akwai hanya ta uku da ba ta samu shiga ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan Hausa masu lanƙwasa na kwamfuta, ya sa musu suna Rabi'at da Abdalla, suka yaɗu hannu da hannu a wuraren buga takardu. A duniya kuma manhajoji irin su Linux an yi su ne don a kwafa a raba ba tare da laifi ba. A 2007 Nijeriya ta yi odar ƙananan kwamfutoci dubu 17 na 'yan makaranta ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, sai labari ya fito cewa za a goge shi a sa Windows, har shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa. A ofisoshin Sharaɗa ba wanda ya damu. Wa zai koyi sabon abu don kyauta ne, alhali wanda ya saba da shi ma kusan kyauta yake samunsa?

Imel ya zo musu a ƙarshen shekarun 1990, ta layin tarho mai kukan nan da duk wanda ya ji shi ba ya mantawa. Adireshi ɗaya ne na kamfani gaba ɗaya, a Yahoo, kuma da safe ake buga saƙonni a takarda a kai wa manaja ya sa hannu, kamar yadda ake yi wa teleks. In layi ya ƙi, sai a tura yaro da fulofi zuwa shagon intanet a cikin gari. Sauƙi ya samu, amma amincin da teleks ke da shi ya tafi. 'Yan damfarar da ake kira da lambar sashe na 419 sun ɓata sunan duk wasiƙar da ta fito daga Nijeriya, har dokar 2006 ta wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista da EFCC. Baba ya ce sabon mai saye a Turai ba ya amsa imel ɗinsu sai wani tsohon abokin ciniki ya tsaya musu; wato an koma tsarin fatake, inda maigida ke lamuncewa baƙo. Zuwan wayar salula a watan Agustan 2001 ne ya rage wannan wahala, tun da ana iya bin saƙo da murya.

Abin da na gani da idona kaɗan ne. Ina ɗan shekara tara, a 2008, na bi Baba ofis ran Asabar na tarar fuskar kwamfutarsa ta yi baƙi, da ɗan rubutu a kusurwa. Microsoft ce ta fara baƙanta fuskar duk Windows XP da ta gano ba na asali ba ne. Ma'aikata suka ɗauke shi abin raha. Injiniya ya zo ya share gargaɗin cikin minti goma.

Manhaja ɗaya tak kamfanin ya saya da cikakken lasisi, ita ce ta albashi. Wani ɗan kamfani a Legas ne ya rubuta ta, kuma don kada a kwafa, ya haɗa ta da wani ɗan makulli kamar akwatin ashana da ake soka wa a bayan kwamfuta. In babu shi ba ta buɗewa. A cikinta ake ajiye ranar da kowane ma'aikaci ya kama aiki, da matakinsa, da abin da aka yanka masa. Rashin wuta da tsadar baƙin mai suka ci ƙarfin majemar, kamar yadda suka ci masaƙun Bompai da Sharaɗa tare da taimakon atamfar Sin, aka rufe ta a 2011. Aka sayar da kayan ofis ga 'yan gwangwan a kan kilo. Makullin ya bi su. Da ma'aikata suka tashi neman kuɗin sallama, aka ce kowa ya kawo shaidar shekarunsa. Waɗanda suka kama aiki a zamanin jan kundi sun sami sunansu a rubuce da tawada. Waɗanda aka ɗauka bayan 1996 ba su da komai sai abin da ke cikin na'ura, kamfanin Legas kuwa ya daɗe da rufewa. Wasunsu sun karɓi abin da aka ba su, wasu sun rasu suna jira. Baba, wanda shi ne ya shigar da sunayensu da yatsunsa, ya riƙa kwafe bayanan a fulofi duk ƙarshen wata, kuma na ƙarshen ne ya ɗaure da kyauro ya kawo gida.

Mai binciken tarihin Kano na 1930 zai je Gidan Ɗan Hausa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya tarar da wasiƙun Razdan da rasitan haraji. Mai binciken Challawa ta 2000 zai tarar da faks da ya koɗe, da akwatin imel da aka rufe don an daina shiga, da fayafayen da babu injin karanta su. Abin da ya biyo baya bai fi wannan tabbas ba. Adobe ta koma tsarin haya a 2013, Microsoft ma ta karkata can, oda ta koma WhatsApp, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 Dala ta haura dubu ɗaya, kamfanin da ya kasa biyan hayar wata yana iya wayar gari a kulle daga lissafinsa.

Bara na sami wani mai gyara a kasuwar Farm Centre da ke da injin karanta fulofi. Daga cikin goma sha ɗaya, huɗu sun mutu. Uku na Lotus ne da Excel, waɗanda injiniya ya zuba daga jakarsa. Suka buɗe nan take, da lissafin fatun da aka loda zuwa Apapa, kwantena bayan kwantena. Sauran huɗun na albashi ne. Fayilolin suna nan lafiya, girmansu ya nuna cike suke, amma abin da ke fitowa a fuska tarkacen alamomi ne, sai can da can a tsinci rabin suna. Na kwafe su a wayata na kai wa Baba. Ya sa tabarau ya daɗe yana bin layukan da yatsa, ya tsaya a kan wasu haruffa biyar, ya ce wannan mai kula da tukunyar rini ne, ɗan Kumbotso, ya kama aiki da damina.