Tashar Rahama da jirgin kuza

A gabas da Zariya, cikin ƙasar Lere, akwai wani ƙauye mai suna Rahama wanda jirgin ƙasa ya daina tsayawa a cikinsa tun shekara ta 1957.

Kuza ce ta kawo tashar. A farkon mulkin Turawan Ingila, kamfanonin da ke haƙar ta a tsaunukan Jos bisa kawunan ƴan dako da bayan jakuna suke fitar da ita, tafiyar kwanaki har Loko, a bakin kogin Binuwai. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, sai aka tsago masa wani ɗan reshe, mai faɗin santimita 76 kacal tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don aikin ya yi araha. Aka laƙaba masa sunan Bauchi, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Lardin ne ya haɗa da tsaunukan a wancan zamani.

A 1912 dogon ya iso Rahama, ya tsaya. Ƙauyen ya zama bakin layi: nan ake sauke injuna da hatsin ciyar da leburori, nan ƴan dako ke dire buhunan kuza, su ɗauki wani kayan su koma hawan dutse. Cikin masu neman kuɗi a filayen kuza har da talakawan da suka tsallako iyaka daga ƙasar da Faransa ke mulki, suna gudun haraji da aikin tilas. A 1914 aka ƙarasa layin zuwa Jos da Bukuru, Rahama ta koma zangon da jirgi ke ɗan tsayawa ya wuce.

Hukuncinta ya faɗo a 1927, sa'ad da babban layi daga Fatakwal ya hau Jos ta Kafanchan. Kuza ta samu hanyar teku ba tare da an sauya mata tarago a Zariya ba, kwal ɗin Inugu kuma ya samu hanyar hawa. Ƙaramin jirgin ya ƙara shekara 30 yana jan fasinja da amfanin gona, cikin tafiyar hawainiya, motoci suna ƙwace masa kaya. Manoman Rahama da Soba da Dutsen Wai suna morarsa, amma ba don su aka shimfiɗa shi ba, kuma bukatarsu ba ta isa ta riƙe shi ba. A ƙarshen Satumba na 1957 aka rufe layin, daga baya aka kwashe ƙarafunansa.