Hikimar Girki, Adana Abinci, Kwalliya da Maganin Gida a Adar da Sakkwato, daga Ƙarni na 16 zuwa na 19

Ilimin sarrafa abinci da haɗa magani a gidajen Adar ya bi hanyoyi biyu kafin zuwan Turawa. Wani ɓangare ya shiga takarda ta hannun malamai, cikin Larabci, da sunayen itatuwa na Hausa ko Fulfulde a tsakanin layuka. Ɓangaren da ya fi girma kuwa ya zauna a hannun mata, daga uwa zuwa ɗiya, daga uwargida zuwa amarya. Wannan rabuwa ita ce ta bambanta ƙasar Hausa da Ingila ta wannan zamani, inda iyalai ke ajiye littafin hannu guda da ya tattara girki, adana 'ya'yan itace, kayan shafa da magani, kamar yadda Elaine Leong ta nuna a bincikenta na 2018. A can har an buga irinsu don sayarwa, misali littafin Hannah Woolley na 1670. Rashin irin wannan littafi a garuruwan Adar kamar Bambeye ko Tawa ba ya nufin rashin ilimin. Yana nufin mai bincike ya nemo shi ta wasu ƙofofi: rubuce-rubucen malamai, labaran matafiya, tarihin fatauci, da kuma aikin da ake yi har yau a tsakar gida.

Adar a mahaɗar hanyoyi

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka tsakanin Abzin da Gobir da Kabi. Damina gajera ce, wata uku ko huɗu, sauran shekara kuwa sai abin da aka ajiye. Djibo Hamani da Nicole Echard, waɗanda duk suka wallafa nazarinsu kan yankin a 1975, sun bayyana yadda manoma Azna, Buzaye makiyaya da 'yan kasuwa suka zauna cuɗe da juna. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, abin da ya ƙara ɗaure ƙasar da hanyoyin ayarin arewa.

Tukunyar matar Adar ta amfana da wannan matsayi. Gishiri da dabino da cuku suna gangarowa daga arewa, goro da kimba da masoro suna haurowa daga kudu, kanumfari kuwa ya ratso Sahara bayan doguwar tafiya daga tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci yawaitar gishiri a ƙasar Hausa a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), lokacin da Abzinawa suka iso Gobir. Matafiyi Barth ma da ayarin gishirin Kel Ewey ya sauko daga Abzin, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851.

Akwai wata hanya mai amfani ta sanya wa girki shekaru ko da babu takarda. Barkono, gyaɗa, masara, rogo, tumatir da taba duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su taka Afirka ba sai bayan 1492. Don haka duk abincin da ya dogara da ɗayansu, siffarsa ta yanzu ba ta girme wa ƙarni na 16 ba. Shanya nama a rana tsohon aiki ne ƙwarai, amma kilishin da ake tsoma wa a labu na tunkuzar gyaɗa da barkono ɗan wannan zamani ne na canji. Kafin barkono, zafin miya daga citta, masoro da kimba yake fitowa. Taba kuwa ta bazu da sauri har Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a kanta a 1607.

Abin da malamai suka rubuta

Adar ba baƙuwa ba ce a tarihin malamtar da ta haifi Daular Sakkwato. Malam Jibril ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu, mutumin Adar ne, kuma Shehu da kansa an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Almajiran wannan da'ira ne suka bar rubutun magani mafi yawa a yankin.

Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi ta Zamfara, ya rubuta Ƙira al-Ahibba a 1809, da kuma Ma'awanat al-Ikhwan kan zamantakewar aure da magungunan da suka shafe ta. Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai da dama a wannan fanni, ciki har da al-Ƙaul al-Mansur kan basur, Masug al-Lujaini kan ciwon ido, da wata risala kan amfani da filasko don wanke ciki. Nana Asma'u ta rubuta Tabshir al-Ikhwan a 1839 kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Ismail Abdalla, a littafinsa na 1997, ya nuna cewa waɗannan marubuta sun ɗebo daga maganin Annabi da littattafan likitocin Larabawa, sannan wasunsu suka haɗa da itatuwan da ke gefen gari. Wannan haɗi shi ne mafi daraja ga mai nazarin gida, domin duk inda malami ya ajiye sunan Larabci ya kawo na Hausa, to ya buɗe taga zuwa ga abin da jama'a ke yi.

Ƙasa da waɗannan manyan littattafai akwai kundi, tarin warƙoƙin da malami ke ajiyewa a gafaka, yana ƙara fa'ida duk lokacin da ya samu daga wani malami ko matafiyi. Kundi shi ne ya fi kusa da littafin iyali na Turai: ana gadonsa, ana ƙara masa, ana ɓoye shi, kuma sau da yawa ana rubuta wa laƙani shaidar cewa mujarrabi ne, wato an gwada an gani. Sai dai kundi na namiji ne, kuma abin da ya dame shi shi ne waraka, tsari da buƙata. Yadda ake kaɗa miya ko turara daddawa bai samu gurbi a cikinsa ba.

Adana abinci

A nan ne hikimar Adar ta fi zurfi, domin rayuwa ce ta rataya a kanta. Hatsi ana ajiye shi da zangarniyarsa, dami-dami, cikin manyan rumbunan laka da aka san Adar da su, a ɗora su bisa duwatsu don gudun gara da damshi. Wake ana cuɗa shi da toka ko rairayi don ƙwari su rasa wurin motsi. Kuɓewa, yakuwa, kuka da tafasa ana shanya su a daka, su zama miyar rani.

Daddawa ta fi waɗannan wuyar aiki. A kudu da kalwa ake yin ta, amma ɗorowa ba ta da yawa a arewacin Adar, don haka mata suka dogara da 'ya'yan yakuwa, suka samar da daddawar batso. Ana dafa 'ya'yan na tsawon sa'o'i har su yi laushi, a rufe su su kwana biyu ko uku suna ruɓa, a daka tare da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a shanya. Babu ma'aunin zafi, babu agogo. Hanci da tafin hannu ne ke faɗa wa mai aikin ko ta nuna. Irin wannan sani ne ba ya shiga takarda cikin sauƙi, ko a ƙasashen da aka rubuta girki, domin rubutu yana iya lissafa kayan haɗi amma ba ya iya koyar da ƙamshin da ke nuna lokacin buɗe ƙwarya.

Albasa, wadda Galmi da kwaruruka na Adar suka yi suna da ita, ta haifi gabu: ganyen albasa ko ƙwayarta a daka, a dunƙula, a busar, a soya kafin a zuba a miya. Makiyaya kuwa sun warware matsalar madarar damina da cuku. Ana sa wa sabuwar madara ɗan abin da aka ciro daga cikin ɗan akuya ko maraƙi mai shan nono, ta daskare, a shimfiɗa ta siriri bisa tabarmar kara, ta bushe. Buzaye kan daka cuku da gero da dabino su dama, ya zama guzurin da ke jure tafiyar makonni. Fura, abincin rana na manomin Adar, 'yar'uwar wannan ce: gero da kayan yaji, a dafa, a kirɓa, a dama da nono.

Sai abincin shekarar yunwa. 'Ya'yan anza suna da ɗaci da ba ya ciyuwa sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa. Ganyen jiga ana tafasa shi a zubar da ruwan fari. Aduwa ana tsotsar namanta, a fasa ƙwallon a fitar da mai. Ƙarangiya ma ana sussuke ta a sami tsaba. Wannan sani ne ya riƙe mutane da yawa a yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, kuma an sake komawa gare shi a 1973, 1984 da 2005. Girkin da ake jin kunyar ambata a shekarar ƙoshi shi ne wanda ya fi cancanta a adana shi da kyau.

Kwalliya

Clapperton, wanda ya ziyarci Kano da Sakkwato a 1824, ya lura da yadda mata ke rina gashi da shuni, da yadda ake jan haƙora da fure. Lalle ana daka ganyensa a kwaɓa, a ƙunsa hannu da ƙafa. Tozali ana niƙa dutsensa a zuba a tandu. Man shanu na gashi ne da fata. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa labarin rayuwarta a 1954, ta nuna yadda lalle ke tsakiyar hidimar aure a ƙasar Zazzau tun ƙarshen ƙarni na 19. Bincike na zamani ya tabbatar da cewa tozalin dutse yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka sa wa jariri shi al'ada ce da ya kamata a bari.

Inda abinci ya zama magani

A gidan Bahaushe babu katanga tsakanin madafi da ɗakin magani. Nina Etkin da Paul Ross sun nuna a 1982, daga aikinsu a wani ƙauye na ƙasar Kano, cewa tsirrai da yawa da ake sha don magani su ne kuma ake ci a miya. Tsamiya tana kunu, tana kuma sassauta ciki. Bagaruwa tana jima, ana kuma jiƙa ta don gudawa. Sabara, wadda ta cika dajin Adar, ana dafa ganyenta don ciwon ciki da kuma wankan mai jego. Lewis Wall, a nazarinsa na 1988 kan yankin Malumfashi, ya bayyana yadda tsoron sanyi ke tafiyar da yawancin waɗannan haɗe-haɗe.

Jego shi ne misali mafi cika. Kwana arba'in mai haihuwa tana wanka da ruwan zafi, tana shan kunun kanwa, tana cin nama mai yaji, duk don a kori sanyi a kuma kawo nono. Ungozoma da kakanni ne ke riƙe da ƙa'idar, su ne ke cewa “kanwa ta isa” ko “ƙara wuta”. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan kanwa da tsananin zafin da ake sa wa mai jego. Wannan ya nuna cewa nazarin girkin gargajiya ba yabo kaɗai ba ne. Adadin da ake zubawa na iya raba magani da cuta. Ma'aunan gida kuwa, tiya, ludayi, ƙoƙo, cikin tafi, ɗan tsunkule, suna bambanta daga gida zuwa gida.

Sunayen tsirrai sun samu masu tattarawa: Dalziel a 1916, ƙamus na Bargery a 1934, da binciken Adjanohoun da abokan aikinsa kan magungunan gargajiyar Nijar a 1980. Rubutattun takardu ma suna da mazauni a sashen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai. Abin da ya rage baya shi ne aikin hannu kansa, matakai, ma'auni da lokaci, wanda ke ƙwaƙwalwar tsofaffin mata a Bambeye, Kalfu, Illela da Keita, yayin da dunƙulen kanti ke ture daddawar batso daga tukwane. Ya kamata Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta tura ɗalibanta, musamman mata da za su iya shiga cikin gida, su zauna da waɗannan iyaye, su auna abin da suke zubawa, su rubuta shi da Hausar Adar kamar yadda aka faɗe shi, tare da sunan garin da izinin mai ilimin.